Kada Mu Baro Waƙarmu a Firjin Situdiyo

 

A wannan karon za mu ɗan ajiye biro mu leƙa situdiyo, domin da yawa daga cikinmu ƙafarmu ɗaya tana can yanzu. Wani ya rubuta waƙa yana so a ɗora mata kiɗa. Wata tana karanta littafinta babi-babi tana sakawa a YouTube, da ɗan kiɗa mai taushi a ƙarƙashin muryarta. Wani kuma an ba shi aikin waƙar biki ko ta walimar makaranta. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tun da Aminu Ala ma marubucin littattafai ne kafin muryarsa ta cika gari. Abin da ya dame mu shi ne yadda muke shiga situdiyo da kuɗinmu da baitocinmu, mu fito da ɗan fayil guda a waya, mu ɗauka aiki ya kammala. Bai kammala ba. Mun san haka ne don ta faru da mu.

A watan Maris na 2020, lokacin da aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu bayan an yi shekara goma ba a yi ba, mu 'yan ƙungiyarmu ta marubuta muka ga bai kamata gari ya cika da baƙi mu kuma mu yi shiru ba. Muka haɗu muka tsara waƙa mai baiti goma sha biyu a kan Matan Fada da masunta da gora da homa. Muka yi karo-karo, muka hau mota zuwa Birnin Kebbi, muka kwana biyu muna zarya a wani situdiyo. Ba za mu faɗi sunansa ba, don mai shi bai cuce mu ba, jahilcinmu ne ya cuce mu. Ya yi mana kiɗa mai daɗi, da sarewa da goge da wani amo mai kauri a ƙasa, duk daga cikin kwamfuta. Kalangu kaɗai muka ɗauko makaɗi ya buga a gaban makirfo. Da aka gama ya tura mana waƙar a waya, muka yi godiya muka kamo hanyar gida muna ta saurare har muka iso.

Bayan shekara uku wata makaranta ta nemi ɗalibanta su rera waƙar a taron yaye ɗalibai. Suna buƙatar kiɗan zalla, babu muryarmu. Mu ma dama akwai baiti ɗaya da muka yi kuskuren wata sarauta a ciki, wani dattijo ya gyara mana, muna so mu sake shi. Muka koma wurin mutumin namu. Ya karɓe mu hannu biyu, ya ce, "Aikinku shina nan, ban goge shi ba. Sai dai wagga kwamfuta ba ita munka yi aiki da ita ba, waccan ta ƙone. Ku zo ku gani da idonku."

Ya buɗe aikin. Kafin komai ya tashi sai ga saƙo a fuskar kwamfuta yana jera sunayen abubuwan da ba ta samu ba. Ya danna, waƙa ta fara. Muryoyinmu suna nan garau. Kalangu yana nan. Sarewa shiru, goge shiru, amon ƙasa shiru. Muna kallon 'yan layukan da ke nuna inda kowane sauti ya kamata ya faɗo, suna wucewa ɗaya bayan ɗaya kamar sawun ƙafa a kan yashi, amma babu mai tafiyar. Ya gwada ɗora wani fiyanon a madadin na da. Karin ya fito, amma kunne ya ƙi karɓa, kamar an sa wa mutum rigar wani. A ƙarshe sai da muka sake biyan kuɗin kiɗa, kuma har yau wanda ya san ta farko yana cewa ta fi.

A ranar muka tambayi abin da ya kamata mu tambaya tun farko: me ya sa murya da kalangu suka rayu, sarewa da goge suka mutu?

Amsar ita ce sauti iri biyu ne a cikin aikin situdiyo na yau. Na farko shi ne wanda aka ɗauka da makirfo. Wannan ya riga ya zama sauti, an adana shi kamar yadda kaset ke adana murya, kowace na'ura za ta iya tayar da shi. Na biyu shi ne na fiyanon cikin kwamfuta. Wannan ba sauti ba ne tukuna, umarni ne. Idan mai kiɗa ya danna madannin fiyano, abin da kwamfuta ke rubutawa shi ne wane madanni aka taɓa, a wane lokaci, da wane ƙarfi, kuma aka riƙe shi tsawon yaya. Tsarin rubuta wannan umarni sunansa MIDI, yana nan tun 1983. Wata 'yar manhaja daban, wadda 'yan situdiyo ke kira fulogin, ita ce ke karanta umarnin ta ƙirƙiri sautin nan take, duk lokacin da aka danna a ji. In babu ita, ko aka sami wadda ba ita ba, to umarni yana nan amma babu mai cika shi.

Mu marubuta mun fi kowa sanin wannan ciwo, ko da ba mu taɓa shiga situdiyo ba. Wanda ya taɓa karɓar tsohon rubutun Hausa da aka buga da haruffan Rabi'at ko Abdalla, ya buɗe shi a kwamfutar da ba ta da su, ya ga abin da ke faruwa. Duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai wasu baƙaƙe da alamomi su fito a wurinsu. Rubutun bai ɓace ba, amma abin da ke ba shi sura ya ɓace. Wanda kuwa ya mayar da nasa PDF tun a kwamfutar farko, ko ina aka buɗe shi haka zai fito. To, fulogin ga kiɗa kamar wannan harafi ne ga rubutu.

Masu yin manhajojin kiɗa sun tanadi hanya biyu ta mayar da umarni ya zama sauti. 'Yan situdiyo suna kiran ɗaya firiz, ɗayar bawuns, wasu kuma su ce renda. Mu a nan za mu ce daskararwa da saukewa. Sun yi kama, amma ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma a wurin bambancin nasu ne kuɗinmu ya salwanta.

Daskararwa an yi ta ne don a sauƙaƙa wa kwamfuta. A ingancin faifan CD, kowace daƙiƙa ɗaya ta sauti an yanka ta gida 44,100. Kwamfuta tana lissafa su ƙunshi-ƙunshi ta miƙa wa lasifika. Idan ƙunshin 256 ne, tana da ƙasa da kashi 6 cikin 1,000 na daƙiƙa ta gama lissafin duk fiyanon da ke cikin waƙar kafin a buƙaci na gaba. In fiyano ashirin ne, kowane da eko da sauran kayan adonsa, sai nauyi ya yi mata yawa. Da ta makara sai a ji ƙas-ƙas da tsinkewa. Ga kuma zafinmu na Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a Kabi. Laftof in ta yi zafi takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, balle an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, ana lallaɓa batir. A irin wannan hali ne mai kiɗa ke daskarar da layi: manhaja ta tayar da layin sau ɗaya, ta ajiye shi a matsayin sauti na wucin gadi, ta kashe fulogin ɗin ya huta. Ba za a iya canza karin ba sai an narkar da shi, amma ana iya ƙara masa ƙarfi ko a rage. Logic da Cubase sun shigo da wannan dabara tun 2003, Ableton Live ma tana da ita.

Saukewa kuwa an yi ta ne don aiki ya fita daga cikin manhaja gaba ɗaya. Ana mayar da layin cikakken fayil na sauti, galibi WAV, mai zaman kansa. Ba ya neman fulogin, ba ya neman manhajar da aka yi shi da ita, ba ya tambayar wace kwamfuta ce. A FL Studio, wadda yawancin ƙananan situdiyo suka fi sabawa da ita, akwai zaɓin da ke fitar da kowane layi daban lokacin da ake fitar da waƙa, kuma tun fitowa ta 20 a 2018 ana iya dunƙule layi ya koma sauti a cikin aikin kansa.

Ɗan Argungu ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Masunci in ya kamo giwan ruwa yana da zaɓi biyu. Ko ya sa a ƙanƙara, ko ya yi banda. Na ƙanƙara ɗanye ne, gobe in an so farfesu a yi, in an so suya a yi. Amma ransa yana hannun firji, firji kuma ransa yana hannun wuta. Na banda ba zai sake komawa ɗanye ba har abada, amma a zuba shi a kwando ya yi tafiya har kudancin ƙasar nan, ya yi makonni, ba ruwansa da wuta. Layin da aka daskarar kifin firji ne: yana zaune a cikin jakar aikin, manhajar da ta daskarar da shi ce kaɗai ta san shi, kuma da an narkar da shi an koma neman fulogin. Layin da aka sauke kifin banda ne. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: daskararwa maslahar mai situdiyo ce a lokacin aiki, saukewa haƙƙin mai waƙa ne a ƙarshen aiki. Duk wanda ya bar situdiyo ba a sauke masa layukan kiɗansa ɗaya bayan ɗaya ba, ya bar kifinsa a firjin wani.

Abin mamaki, na da ba su da wannan matsala, don ba su da zaɓi. Kalmar bawuns kanta daga zamanin tef ta samo asali. A 1967, lokacin da mawaƙan Beatles na Ingila suke aikin faifansu Sgt. Pepper, na'urarsu layi huɗu kawai take ɗauka. In sun cika sai su haɗe su, su juye a layi ɗaya ko biyu na wani tef ɗin, don su sami wurin ƙara wani abu. Abin da aka juye ya juyu, babu komawa. A nan gida ma, lokacin da kiɗan fiyano ya shigo finafinan Hausa a Kano a shekarun 1990, da fiyanon Yamaha na hannu ake bugawa, sautin yana fita daga cikinsa ana ɗauka. Kafin su kuwa, Narambaɗa da Ɗankwairo da Shata da Gambu, abin da ya sa muke jin su yau shi ne wani ya kafa na'ura a gabansu ya ɗauka. Wanda ya shiga gidan tarihi na Kanta a nan Argungu zai ga kayan kiɗa na da a ajiye. Kayan suna nan, amma kiɗan da aka yi da su kafin zuwan rikoda ya tafi da masu shi. Abin da aka mayar sauti shi ya rage mana. Sai ga mu a zamanin da ya fi kowane kayan aiki, muna ajiye waƙoƙinmu a surar da ta fi kowace saurin mutuwa.

Kada wani ya ce ai sai kwamfuta ta ƙone. Ko ba ta ƙone ba, manhaja tana tsufa. Cubase ta daina karɓar tsofaffin fulogin masu bit 32 tun fitowa ta 9 a 2016. Kwamfutocin Apple sun daina tayar da duk wata manhaja mai bit 32 daga 2019. Kamfanin Steinberg na Jamus, wanda ya ƙirƙiro tsarin VST a 1996, ya daina ba da lasisin VST2 a 2018, a 2022 kuma ya sanar da cewa zai janye shi daga manhajojinsa. Wato fiyanon da aka yi waƙa da shi shekara goma da suka wuce yana iya ƙin buɗuwa a sabuwar kwamfuta, ba don laifin kowa ba. Wannan ga wanda ya sayi nasa da kuɗi ke nan. Mu kuwa mun san yadda abin yake a wurare da yawa: laftof ta hannu ce, fulogin an kwafo daga wurin aboki, shi ma daga wurin wani ya kwafo. Ranar da aka wanke kwamfuta babu wanda ya tuna sunan sautin da aka zaɓa cikin dubbai. Kayan aro ba ya rufe katara. Ko wanda ya yi dabarar ƙunshe aikin FL Studio a jakar zip, ya sani cewa guntayen sautin da aka yi amfani da su take kwashewa, ba ta kwashe fulogin.

Mun tattauna wannan magana da wasu abokanmu masu kiɗa, kuma suna da hujjoji. Adalci ne mu kawo su.

Hujja ta farko, sun ce saukewa tana rufe ƙofar gyara. In mawaƙi ya dawo ya ce kiɗan ya yi masa sama, a sauko da shi, ko a rage gudu, layin MIDI cikin daƙiƙa ake juya shi ba tare da ya lalace ba, sauti kuwa in an ja shi da yawa yakan ɓaci. Wannan gaskiya ne. Amma ba mu ce a sauke a goge na asali ba. Manomin fadama in ya girbe shinkafa, yakan kai wata inji a sheme, ya bar wata shanshera don iri. Shemammiya ita ake ci amma ba ta tsira, shanshera tana tsira amma ba a tuƙa tuwo da ita haka nan. Babu manomin da ke cewa sai dai ɗaya. A ajiye fayil ɗin aiki da MIDI a matsayin iri, a sauke WAV a matsayin abinci. MIDI na waƙa guda bai kai nauyin hoto ɗaya na waya ba, ajiye shi ba ya cin komai.

Hujja ta biyu, wuri. Sun ce WAV yana cika kwamfuta. Mu yi lissafi. Minti ɗaya na sauti mai kunne biyu a ingancin CD kusan megabait 10 ne. In aka ɗaga shi zuwa bit 24, yadda ake aiki a situdiyo, ya kusa 16. Waƙar minti biyar mai layi ashirin za ta ci kusan gigabait 1.6. Filash mai giga 32 zai ɗauki irinta kusan ashirin. Ga mai situdiyon da ke yin waƙa ɗaruruwa a shekara wannan nauyi ne, mun yarda. Ga mai waƙa ɗaya ko biyar ba komai ba ne. Shi ya sa muka ce mu ne ya kamata mu je da filash ɗinmu. Kada mu ɗora wa mai situdiyo aikin zama ma'ajinmu na har abada, bai yi mana wannan alkawari ba, kuma ba mu biya shi kuɗinsa ba.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi. Wasu masu kiɗa ba sa son ba da layuka daban-daban, don suna tsoron a ɗauki kiɗansu a kai wani situdiyo a ɗora wata waƙa, ko a sayar, sunansu bai fito ba. Wannan tsoro yana da tushe, an sha yi musu haka. Mu da muke kuka kullum a kan masu kwafe littattafanmu suna rabawa a WhatsApp ba tare da izini ba, bai kamata mu raina kukan wani mai fasaha ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta bambanta tsakanin rubutun adabi da tsarin kiɗa da ɗaukar sauti, kowane da matsayinsa. Baitoci namu ne, amma kiɗan da wani ya ƙirƙira daga kansa ba ya zama namu don kawai mun zauna kusa da shi yana yi. Maganin wannan ba rigima ba ce bayan an gama, magana ce kafin a fara. A ce masa, "Malam, nawa ne aikin in har da layuka daban-daban?" In da ƙari a biya. A rubuta a takarda, ko a saƙon waya da kowa zai ajiye, cewa za a yi amfani da kiɗan a wannan waƙa kaɗai kuma sunansa zai fito duk inda ta je. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma masu cewa ai MP3 ya isa, in ana son kiɗa zalla yanzu akwai manhajojin da ke cire murya daga waƙa. Mun gwada su a kan tamu. Suna ƙoƙari, amma sukan bar inuwar murya a baya, kuma kalangu da sarewa sukan fito kamar daga cikin ruwa. Dalili kuwa MP3 dama an rage shi ne. Minti ɗaya a ingancin da aka fi turawa kusan megabait 1 ne, kashi ɗaya cikin goma na asali, sauran an zubar don fayil ya yi sauƙi. Na saurare ne a waya, ba na sake aiki ba ne. Kuma ko manhajar ta cire murya tsaf, ba za ta ba mu damar rage goge mu bar sarewa yadda mai layuka a hannu zai yi ba.

Saboda haka ga abin da muke ba 'yan uwa shawara su fito da shi daga situdiyo, ko waƙa ce, ko karatun littafi, ko wasan kwaikwayo na rediyo:

1. Cikakkiyar waƙar a WAV, ba MP3 kaɗai ba.

2. Kiɗan zalla a WAV, da muryar zalla a WAV.

3. Kowane layin kiɗa daban, duk su fara daga daƙiƙar farko ta waƙar ko da shiru ne a farkonsu, don duk wanda ya jera su a wata manhaja su hau kan juna daidai. A bar wa kowane wutsiyarsa, kada a datse eko a ƙarshe. In da hali a sauke muryar sau biyu, ɗaya da ado ɗaya tsurarta.

4. Fayil ɗin aikin da MIDI, in mai kiɗa ya amince, tare da 'yar takarda mai ɗauke da gudun kiɗan da sunayen fiyanon da aka yi amfani da su.

5. Kafin a tashi, a buɗe fayilolin a saurara. Mun taɓa jin wanda ya je gida da jaka cike da layukan shiru, don an manta an toshe su lokacin saukewa.

Sannan a ajiye a wuri biyu aƙalla, ɗaya a hannu ɗaya a intanet, kada a dogara da ɗaya. Marubutan da ke da littattafai a OkadaBooks sun ga yadda dandali ke rufewa a 2023. Wanda yake da kwafinsa a gida bai yi asarar rubutu ba.

Akwai wani amfani na saukewa da ba na ajiya ba, kuma shi ne ya fi shafarmu a matsayin marubuta. Wani mai kiɗa ya gaya mana cewa waƙoƙin da suka fi daɗewa a kwamfutarsa ba a gama ba su ne waɗanda komai nasu a buɗe yake. Yau ya canza sarewa, gobe ya mayar, jibi ya gwada wata. Tun da komai yana canzuwa, babu abin da ya tabbata. Ya ce ranar da ya sauke layi ya zama sauti, ranar hankalinsa ke barin wurin ya tafi gaba. Da muka ji haka sai muka kalli juna, don kowannenmu yana da littafi a waya da ya shekara uku yana gyara babi na ɗaya. Muna kiran abin neman inganci, amma sau da yawa tsoron yanke hukunci ne. Rubutun da ke cikin waya kullum ana taɓa shi kifin firji ne shi ma. Ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta a tasha, ya tafi, kuma babu wanda zai yi kewarsa don babu wanda ya taɓa karanta shi. Gyara yana da lokaci, kuma ya kamata a ba shi haƙƙinsa. Amma akwai ranar da ya kamata a ce ya isa, a fitar, a ɗauki kuskuren da ya rage a kai shi littafi na gaba.

Mun san wasu za su ce wannan magana ta masu kiɗa ce, me ya kawo ta zauren marubuta. Abin da ya kawo ta shi ne baitocin da ke mutuwa a cikin waɗannan kwamfutoci namu ne. A situdiyoyin Birnin Kebbi da Sakkwato da Kano akwai waƙoƙin biki da na makarantu da na yabon Manzon Allah (SAW) da na garuruwa da ake yi kullum. Nan da shekara talatin, ɗalibin da zai zo nazarin waƙar Kabi ta wannan zamani abin da muka sauke muka adana shi zai samu, kamar yadda mu ma abin da aka ɗauka a tef muka samu. In ɗan MP3 da ya sha tura-tura a waya muka bar masa, shi zai ɗauka iyakarmu ke nan.

Mu dai tamu ta riga ta faru. Waƙar farko tana nan a wayoyinmu yadda aka turo mana ita, da kuskuren sarautar a baiti na bakwai, ba mu da hanyar cire shi. Ta biyu kuwa, wadda muka sake biya, tana cikin filash biyu, layi goma sha takwas, kowane da sunansa. Wanda yake da waƙa ko karatu a wani situdiyo yanzu haka, shawararmu ita ce kada makon nan ya ƙare bai je da filash ɗinsa ba, tun kwamfutar tana tashi.

Wanda ya fi mu sanin wannan fanni, musamman 'yan uwa masu situdiyo da ke cikinmu, ƙofar gyara a buɗe take. Allah ya sa mu dace, ya albarkaci alƙalumanmu da muryoyinmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.